Daga Ƙanƙara Zuwa Ankara: Labarin Tamaula da Hanyar Goro

 Ga labarin wani wasa wanda manya ke ɗauka na yara ne, alhali kuwa dukiyar manya da mutuncinsu sun sha shiga cikinsa.

Ran Talata 29 ga Maris 2022, saura kwana huɗu a kama azumi, 'yan tamaular Nijeriya suka kara da na ƙasar Gana a Abuja, domin a fid da wanda zai tafi gasar duniya da aka yi a Ƙatar. An riga an yi karon farko ran Jumma'ar da ta wuce a Kumasi, aka tashi ba wanda ya ci wani, saboda haka mutanen Nijeriya suka ga kamar magana ta ƙare, tun da ya ke baƙo ne zai zo ya same su a gida. Har Gwamnati ta ce ma'aikatanta su tashi da ƙarfe ɗaya na rana su je su cika fili. Jama'a kuwa suna bukatar abin da zai sanyaya musu rai, gama a daren da ya gabata 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe waɗansu, suka kora waɗansu daji. Irin wannan baƙin ciki ba sai an fassara wa mutumin Ƙanƙara ba, wanda aka kwashe wa 'yan makaranta fiye da 300 a dare ɗaya cikin Disamba 2020. To, a nan ma samari suka duru gidajen kallo, janareto na ruri, kowa ya biya kuɗin benci ya zauna.

Aka take wasa da ƙarfe shida na yamma. Ba a cika minti goma sha biyu ba sai Thomas Partey na Gana ya shirga wata ƙwallo daga nesa, ta sulluɓe wa golan Nijeriya ta faɗa raga. A minti na 22 William Troost-Ekong ya rama da bugun daga kai sai gola. Victor Osimhen ya ƙara wata, alƙali ya soke, ya ce an yi satar gida. Haka aka tashi, ɗaya da ɗaya. Amma akwai wata doka a gasar, cewa in an yi kunnen doki a karo biyu, wanda ya ci ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ne da nasara. Da wannan Gana ta wuce, Nijeriya ta zauna gida. Nan take 'yan kallo suka tsallaka cikin fili, suka farfasa abin da hannunsu ya kai, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa, 'yan wasa suka tsere ɗaki. Wani likita mutumin Zambiya da ya zo aikin wasan, Joseph Kabungo, ya rasu a wannan dare. Daga baya hukumar FIFA ta ci Nijeriya tarar faran 150,000 na kuɗin Suwizalan, ta kuma ce a yi wasa ɗaya ba 'yan kallo.

Dattijon da ya ji samari sun kwana suna tsine wa Gana, dole ya tambaya, shin me ya haɗa su? Ƙasashen nan biyu ko iyaka ba su haɗa ba, Benin da Togo na tsakaninsu, ba su kuma taɓa yaƙi da juna ba. Amsar tana da tsawo, farkonta kuwa yana cikin faifan mai goro da ke zaune a bakin kasuwa.

Abin da ke tsakanin ƙasar Hausa da waccan ƙasa ya girmi Nijeriya, ya girmi Gana, ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Sarki Yakubu kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, wannan kuwa tun cikin ƙarni na 15 ne. Shi goro ba a Gwanja ya ke tsirowa ba, yana can kurmin Asante, daga can a ke ɗauko shi a kawo kasuwar Salaga, inda Hausawa ke jiransa. Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da kudancin Katsina, da Kambarin Barebari na Gummi, su ne suka riƙe sana'ar. Ayari kan tashi da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da biyan kuɗin fito. Su ɗauki kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, su yi yamma, su haye Kwara, su ratsa Bargu inda 'yan fashi ke kwanton ɓauna, su bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Sa'an nan su juyo da wagagen goro, ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe a kowane zango. Tafiya da komowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Sunan Gwanja ya bi goron har yau, domin Yarbawan da suka dasa irinsa a gonakinsu, waɗanda daga wurinsu yawancin goron kasuwannin Arewa ke fitowa a zamanin nan, gbanja su ke ce masa.

Ba duk wanda ya tafi ya komo ba. Waɗansu suka zama fatomai, suna saukar da baƙi suna cin la'ada, waɗansu mahauta, waɗansu suka kafa tsangaya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai mutanenta suka bazu Karaci da Kintamfo da Kumasi da Ankara, watau birnin nan na bakin teku da Turawa ke rubutawa Accra, ba Ankarar Turkiyya ba. Alhaji Umaru, babban malamin nan da aka haifa a Kano, wanda malaman ƙasar ke ji da rubuce-rubucensa har yanzu, a Karaci ya zauna ya yi limanci har ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata ma a fataucin goron can ya fara kafa dukiyarsa, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya komo Kano ya shiga gyaɗa. Sabon Zango na Ankara kuwa Malam Baƙo ne ya sare shi a farkon ƙarni na 20, shi kuwa ɗan Malam Na'inno ne, Bakatsine. Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Gana a 1993, a Ankara aka haife shi a 1919, jinin Hausawa ne. Kalmar zango ta zauna daram a ƙasar, ta zama sunan kowace unguwar baƙi Musulmi, Hausa ce kuma harshen da a ke ciniki da shi a cikinta, ko mutum Bamoshe ne ko Badagomba ko Bazabarme. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kan mutanen zangon nan ya ke sauka.

Tamaula kuwa baƙuwa ce, Ingilishi suka kawo ta, ta fara da garuruwan bakin teku, ta bi makarantun boko da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa har ta hau Arewa. A 1949 'yan wasan Nijeriya suka je Ingila, yawancinsu ba takalmi, ƙafa a naɗe da ƙyalle, suka ci wasansu na fari 5 da 2. A 1953 'yan Kano suka ɗauko Kofin Gwamna, shi ne farkon zuwansa Arewa. A tsakanin nan ne wani kamfanin sayar da mota ya ba da kofi mai suna Jalco, a riƙa karawa shekara shekara tsakanin Nijeriya da ƙasar da Turawa suka sa wa Gold Coast, watau Gaɓar Zinariya, bana a Ikko baɗi a Ankara. A 1951 Nijeriya ta ci 5 ba ko ɗaya. Galibi mai masauki ne ke ci, baƙo ya koma da haƙuri. Amma a 1955 a Ankara aka yi wa Nijeriya cin da ba a taɓa yi mata irinsa ba, ba a kuma sake ba, 7 da nema. A lokacin Jajayen Shaiɗanu a ke kiran 'yan wasan Nijeriya saboda jajayen rigunansu, sunan da ba malamin da zai sa wa albarka. Sai bayan mulkin kai aka sake musu riga kore, aka koma kiransu da sunan gaggafa. Da shekara ta kewayo suka rama da 3 a Ikko, amma uku ba ta biya bashin bakwai.

Ran 6 ga Maris 1957 Gaɓar Zinariya ta sami mulkin kai, ta ɗauki sunan Gana, ta riga Nijeriya da shekara uku da rabi. Ba a yi wata shida ba sai mutanen zango suka fara ganin abin da mulkin kai ya zo musu da shi. Shugabannin Musulmin Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usmanu Ladan, suna cikin jam'iyyar da ke hamayya da Kwame Nkuruma. Gwamnati ta ce su baƙi ne, a fid da su. Suka kai ƙara, suka ce a ƙasar aka haife su. Tun alƙali bai yanke hukunci ba majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu, aka sa su a jirgin sama cikin Agusta 1957 aka sauke su a Kano. Daga ran nan ɗan zango ya san cewa haihuwa a gari ba ta isa ta sa ya zama ɗan gari ba.

Nkuruma mutum ne mai dogon buri. So ya ke Afirka duka ta zama ƙasa ɗaya nan da nan, da gwamnati ɗaya da soja ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya ce a bi sannu, kowace ƙasa ta riƙe iyakarta, a fara da ciniki da hanyoyi. A 1961 ƙasashen Afirka suka rabu biyu a kan wannan, Gana na ɓangaren Kasabalanka, Nijeriya na ɓangaren Manrobiya. A 1962 Gwamnatin Ikko ta zargi Gana da koya wa waɗansu 'yan hamayyar Nijeriya aikin makami. Rediyon Ankara yana watsa shiri da Hausa, ana kama shi har nan. Cikin kayan yaƙin Nkuruma kuwa har da tamaula. Ya sa wa 'yan wasansa suna Baƙaƙen Taurari, ya damƙa su hannun Ohene Djan, ya tara gwanayen ƙasar cikin ƙungiya ɗaya, ya riƙa aika su ƙasashe kamar jakadu. A 1962 suka yi 3 da 3 da Real Madrid a Ankara. Suka ci Kofin Afirka a 1963, suka maimaita a 1965. Su ne kuma suka ja gaba har Afirka ta ƙaurace wa gasar duniya ta 1966, saboda an ƙi ba ta gurbi ko ɗaya nata na kanta. A gaskiya a wannan zamani Gana ta fi Nijeriya nesa ba kusa ba, abin kuwa yana ci wa manyan Ikko tuwo a ƙwarya, ganin ƙasar da ba ta kai Jihar Arewa yawan jama'a ba ta zama ita a ke ji.

Wa ke ci wa Nkuruma ƙwallayen nan? Da yawansu 'ya'yan zango ne. Babbansu shi ne Usmanu Saidu, haifaffen Kumasi a 1936, wanda duniya ta sani da Baba Yara, sunan da ba ya bukatar tafinta a kasuwar Ƙanƙara. Ɗan gefen dama ne, ana ce masa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, yana kuwa cikin waɗanda suka yi wa Nijeriya bakwai ɗin nan. Cikin Maris 1963, suna komowa daga wasa, motarsu ta yi haɗari a wani wuri da a ke kira Kpeve, ƙashin bayansa ya taɓu. Aka kai shi asibiti Ingila, aka komo da shi bai tashi ba. Ya shekara shida a kwance, ya rasu ran 2 ga Mayu 1969, Allah ya jiƙansa. Filin Kumasi, inda Nijeriya ta je ta yi canjaras a 2022, sunansa ya ke ɗauke da shi. Bayansa an yi Dogo Moro, da Malik Jabir, da Muhammad Polo ɗan unguwar Nima, da Abdul Razak wanda aka zaɓa gwanin Afirka a 1978. A karanta sunayen nan a ga ko akwai wanda zai yi baƙunta a rajistar makarantar Faskari.

Wata shida da binne Baba Yara, ran 18 ga Nuwamba 1969, Gwamnatin Kofi Busiya ta fid da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya samo ta cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar. Kuɗin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, 'yan ƙasa suna kukan baƙi sun cinye kasuwa. Takardar kuwa wa ke da ita? Kakannin mutanen nan da jaki suka shigo, tun ba a san fasfo ba. Nijeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, ba ta da hannun da za ta miƙa. Adadin da aka fi ambata na 'yan Nijeriyar da suka fita shi ne wajen 140,000, yawancinsu Yarbawa, tare da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da suka nufi ƙasashensu. Mai gida ya sayar da gidansa a kuɗin ɗaki, mai rumfa ya bar rumfa da bashin da ya ke bi, aka cika manyan motoci da mata da yara waɗanda ba su taɓa ganin garin da a ke cewa nasu ne ba. A 1970 aka ƙara da wata doka wadda ta keɓe ƙananan sana'o'in ciniki ga 'yan ƙasa kaɗai.

Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, ran 10 ga Fabrairu 1973, Baƙaƙen Taurari suka zo Ikko neman gurbin gasar duniya, a sabon filin Surulere. Wata guda kafin nan Nijeriya ta ci su 4 da 2 a wannan fili, mutane suka zo da tsammanin a maimaita. Sai wani mai suna Kwasi Owusu ya ci uku shi kaɗai, na ukun ana dab da tashi, Gana na da 3 Nijeriya na da 2. Duwatsu da kwalabe suka fara sauka, alƙali ya tsai da wasa, soja suka fitar da baƙi, aka cinna wa motarsu wuta a waje. FIFA ta ba Gana wasan 2 ba ko ɗaya. Sojan Gana sun riga sun tuɓe Busiya tun Janairu 1972, amma mikin da ya bari bai warke ba.

Sa'an nan duniya ta juya, kamar yadda ta saba. Man fetur ya yi daraja, Nijeriya ta yi kuɗi, Gana ta talauce. Mutanenta suka kwararo, malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalmi. Waɗanda suka yi sakandare a ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1970 da wuya a sami wanda ɗan Gana bai koya wa Turanci ko lissafi ba. A 1979 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Ekowas, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa izinin shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba biza. A 1980 Nijeriya ta ci Kofin Afirka karo na fari, a 1982 Gana ta ci na huɗu. Sai kuɗin mai ya faɗi, zaɓe ya matso, rikicin Maitatsine na Kano ya sa ana zargin baƙi, ga kuma Rolins ya tuɓe Shugaba Liman, aminin Alhaji Shehu Shagari. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mako biyu, daidai wa daida, ko kwana ɗaya ba a ƙara a kan na Busiya ba, sai dai masu sana'ar ilmi da aka ɗaga wa zuwa ƙarshen Fabrairu. Wajen mutum miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa har da Hausawan Nijar masu yawa. Suka cunkushe a iyakar Seme da tashar jirgin ruwa ta Apapa, waɗansu suka mutu a hanya, suka koma ƙasar da fari da gobarar daji suka cinye a shekarar. Jakar nan ta leda mai zane-zane da suka zuba kayansu, ita ce har yau a ke kira Gana-mas-go, watau dole Gana ta tafi. Kowane ɗan kasuwa yana da ita a rumfa, amarya na zuba kayanta a ciki, kaɗan ne suka san kukan da ke cikin sunan. A 1985, zamanin Janar Buhari, aka sake wata korar.

Wasa dai bai tsaya ba. A 1984 Nijeriya ta ci 2 da 1 a Buwake, a 1992 Gana ta rama a Dakar, a 2002 a Bamako Garba Lawal mutumin Kaduna ya fid da su da ƙwallo ɗaya, a 2008 a Ankara suka ci Nijeriya alhali an kore musu mutum ɗaya, a 2010 suka ƙara a Luwanda.

Akwai masu cewa tamaula ce ke haddasa gaba tsakanin ƙasashe, hujjarsu kuwa yaƙin Salbado da Honduras na Amurka ta Tsakiya, wanda aka yi cikin Yuli 1969 bayan wasanni uku na neman gurbin gasar duniya, aka kwana huɗu ana ɓarin wuta, dubbai suka mutu. Amma in an bincika sai a tarar manoman Salbado wajen 300,000 ne ke zaune a Honduras, aka yi dokar ƙasa aka fara ƙwace gonakinsu ana korarsu tun kafin a buga ƙwallo. Shekara ɗaya da dokar Busiya, ciwo kuma iri ɗaya. Wasa bai haƙa ramin ba, ya dai tara mutane a bakinsa.

To, me ya sa jama'a ke son abin haka? Na fari dai ba shi da tsada, tsumma da leda in an ɗaure sun isa, fili kuwa ko gonar da aka girbe. Sa'an nan dokarsa ɗaya ce ga ɗan sarki da ɗan mai dako. Mai ƙara kan shekara uku yana sintiri a kotu bai ji hukunci ba, a nan kuwa minti 90 an yanke, a gaban idon kowa, wanda aka kayar ya san an ka da shi. Talakan da ba a tambayarsa kome a sha'anin ƙasa, ran wasa yana da ra'ayi, yana tuɓe mai horarwa yana naɗa wani daga kan bencinsa. Abin da ke tara mutane a dandalin dambe da kokawa bayan kaka, a ga Kudu da Arewa an sa zare, shi ne ke tara su a nan, sai dai dandalin ya faɗaɗa ya zama duniya. Ƙasashe biyu da suka fito daga hannun Bature ɗaya, suna gardamar wa ya fi wani tun daga siyasa har dafa-dukar shinkafa, ba su da wani ma'auni da zai raba su a yini ɗaya sai wannan.

Malamai sun daɗe suna magana a kai. Waɗansu sun ƙi shi ɗungum, suka ce lahawu ne mai cinye lokaci. Waɗansu suka sassauta bisa sharaɗi, kada ya fid da salla daga lokacinta, kada a sa kuɗi a kai ya zama caca, kada kuma ya haifar da ƙiyayya. Sharaɗi na ukun nan Hausawa sun san dabararsa tun da. Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, duk abokan wasa ne, waɗansunsu ma an ce tsohon yaƙi ne aka mai da shi raha. Taubashi ya faɗa maka maganar da in wani ne sai an kai gaban alƙali, ka yi dariya ka rama, watan cika-ciki ya zo a biya kuɗin shara. Tsakanin Nijeriya da Gana akwai tsiyar, akwai dangantakar, abin da ya rage shi ne ƙa'idar nan ta cewa ba a fushi, ba a kuma taɓa kayan abokin wasa. Ita kuwa hukumomi ne suka fi karya ta, ba 'yan kallo ba.

Fatake su lura, maganar ba ta mutu ba. A 2013 Gana ta yi dokar jari wadda ta hana baƙo sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa, ta kuma ce baƙon da ke son buɗe kamfanin ciniki sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. 'Yan Nijeriya suka ce ina yarjejeniyar Ekowas? Cikin Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan 'yan Gana suka maƙale a Seme, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A wannan tsakani ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta bi shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara tana garƙama kwaɗo. Cikin Yuni 2020 waɗansu suka shiga da katafila cikin dare suka rushe wani gini a harabar gidan jakadan Nijeriya a Ankara, har Shugaba Akufo-Addo ya ba Shugaba Buhari haƙuri. Cikin Satumba Kakakin Majalisar Wakilai, Femi Gbajabiamila, ya tafi can neman sulhu. Shekara ɗaya da rabi bayan wannan aka yi wasan Abuja.

A jerin 'yan wasan Nijeriya na karon nan akwai Ahmed Musa na Jos, da Shehu Abdullahi na Sakkwato, da Zaidu Sanusi na Jega, garin da ayarin Gwanja ke yada zango. A jerin Gana akwai Abdul Fatawu Issahaku na Tamale, da Muhammad Kudus, haifaffen Nima, inda Hausa ce harshen titi. An sake haɗuwa a Marrakush cikin Maris 2024, da Landan cikin Mayu 2025, Nijeriya ta ci duka biyun 2 da 1, amma wasannin ba na neman gurbi ba ne. Da aka zo neman gurbin gasar duniya ta 2026, ran 16 ga Nuwamba 2025 Kwango ta fid da Nijeriya a Rabat da bugun daga kai sai gola. Gana kuwa ta riga ta wuce tun ran 12 ga Oktoba, da ta ci Komoros ɗaya da nema a Ankara, Kudus ɗan zango ne ya jefa ƙwallon. Haza wasalam.